Yadda Ake Fara Gasar Harbi da Bindiga Mai Harsashin .22 a Kulob a Birtaniya

A garuruwa da ƙauyukan Birtaniya akwai ɗaruruwan kulob-kulob na harbi waɗanda ko maƙwabtansu ba kowa ya san da su ba. Wani yana ƙarƙashin ginin makaranta, wani a bayan filin ƙwallo, wani cikin tsohon ɗakin atisayen soja. Yawancinsu dogon ɗaki ne mai tsawon yadi 25, fitila na haska ƙarshensa, mutum huɗu ko biyar kwance rub da ciki a kan shimfiɗa, kowa na ƙoƙarin huda tsakiyar wani baƙin ɗigo a jikin kati. Ba hayaniya, ba guje-guje. Ɗalibi ko ma'aikaci daga ƙasashenmu da ke zaune a can yana iya shiga wannan wasa, matuƙar ya bi ta ƙofar da doka ta tanada, ƙofar kuwa ɗaya ce: kulob. A nan ake samun izinin taɓa bindiga, a nan ake samun aron kaya, a nan kuma ake samun dattijon da zai durƙusa kusa da kai ya gyara maka gwiwar hannu.

Abin da za a faɗa a nan tsarin Ingila ne da Wales da Scotland. Ireland ta Arewa dokarta daban ce. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ce ke aiki, wadda ta hana mallakar bindiga ba lasisi, don haka kada wani ya ɗauki tsarin can ya ce zai gwada a bayan gida.

Harsashin da kuma bindigar

Harsashin da ake amfani da shi sunansa .22 Long Rifle, kamfanin Stevens na Amurka ne ya fito da shi a 1887. Kaurinsa milimita 5.6, nauyin dalmar kimanin giram 2.6. Abin da ya bambanta shi da manyan harsasai shi ne inda makunnin yake: ba a tsakiyar gindin kwanso ba, a zagayen bakinsa aka shafa sinadarin. Allurar bindiga ta daki gefen, ta matse shi, wuta ta kama albarushi. Wannan ƙira ta sa yake da araha, ƙararsa kaɗan, kuma kusan ba ya dukan kafaɗa, shi ya sa yaro ɗan sakandare da tsoho ɗan shekara saba'in suke iya kwantawa kafaɗa da kafaɗa a gasa ɗaya. Harsashin gasa yana fita da gudun kusan mita 325 zuwa 330 a daƙiƙa, wato ƙasa kaɗan da gudun sauti, kuma da gangan aka yi shi haka, domin harsashin da ya zarce gudun sauti sannan ya dawo ƙasa da shi a kan hanya ba ya tafiya daidai.

Ƙanƙantarsa kada ta ruɗe ka. Yana kisa, kuma idan aka ɗaga bakin bindiga sama yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Bindigar gasa harsashi ɗaya take ɗauka. Ka buɗe sakata, wato ƙarfen da ke rufe mazaunin harsashi, ka sa da hannu, ka rufe, ka harba, ka sake buɗewa. Tana da nauyi, sau da yawa kilo biyar zuwa shida, dokar hukumar harbi ta duniya ISSF kuma ta tsayar da iyaka a kilo takwas. A ma'ajiyar kusan kowane kulob za ka tarar da tsofaffin Anschütz Match 54 na Jamus, wani lokaci da BSA Martini International da aka ƙera a Birmingham shekaru aru-aru. Fentinsu ya koɗe, katakonsu ya sha hannu. Kada ka raina su. Irin wannan bindigar, in an kula da ita, ta fi ka iya harbi yau, kuma za ta ci gaba da fin ka har shekara biyu ko uku masu zuwa. Ƙaramar bindigar hannu mai harsashi kuwa ka cire ta daga lissafi, an haramta ta ga jama'a tun 1997 bayan kisan da aka yi wa yara a makarantar Dunblane da ke Scotland a 1996.

Neman kulob da zaman gwaji

Uwar ƙungiyar wannan wasa ita ce National Small-bore Rifle Association, NSRA a taƙaice, hedikwatarta na Bisley a gundumar Surrey. Asalinta tun 1901 ne, lokacin yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, da Turawan Ingila suka ga samarinsu ba su iya harbi ba, babban hafsan soja Lord Roberts ya jagoranci kafa ƙungiyoyin harbi na talakawa. Ta hannunta ko ta ƙungiyar gundumar da kake zaune za ka gano kulob mafi kusa. Idan ɗalibi ne kai, fara dubawa a jami'arka, domin jami'o'i irin su Edinburgh da Cambridge suna da nasu kulob, kuma kuɗin shiga ya fi sauƙi.

Tambaya ta farko da za ka yi: shin Ma'aikatar Cikin Gida ta amince da kulob ɗin? A Scotland gwamnatin yankin ce ke ba da amincewar. Wannan amincewa ita ce ta ba mamba damar harbi da bindigar kulob ba tare da yana da lasisin kansa ba. Ka rubuta wa sakatare saƙo, kada ka je ka ƙwanƙwasa ƙofa kawai. Irin waɗannan kulob-kulob ba su da izinin karɓar wanda ya shigo daga titi ya biya kuɗin yini ya yi harbi, kuma masu tafiyar da su 'yan sa-kai ne, amsa tana iya ɗaukar mako. Wasu ma suna da layin jira.

Za a ba ka fom. Za a nemi sunanka da adireshinka, da wanda zai tsaya maka, sannan ka sa hannu cewa ba ka cikin waɗanda sashe na 21 na Dokar Makamai ta 1968 ya haramta wa taɓa bindiga. Wanda kotu ta taɓa yanke wa ɗaurin shekara uku ko fiye, haramcinsa na har abada ne. Wanda ɗaurinsa ya kama daga wata uku zuwa ƙasa da shekara uku, haramcin na shekara biyar ne. Kulob zai tura sunanka ga 'yan sanda kafin komai. Wannan ba don launin fatarka ko sunanka ba ne, kowa haka ake yi masa.

Daga nan sai zaman gwaji, wanda doka ta ce kada ya gaza wata uku, kulob da yawa kuma suna kai shi wata shida. A wannan lokaci ba ka harbi sai da cikakken mamba a kanka, kuma duk zuwan da ka yi ana rubutawa a rajista. Abin da suke dubawa ba makinka ba ne. Suna duba ko kana jin magana, ko kana zuwa a kai a kai, ko hannunka na da natsuwa a kan bindiga. Wanda ya tsaya ya taya share kwanso da kwashe shimfiɗu bayan an tashi, ba ya shan wahala ranar da kwamiti zai zauna a kan sunansa.

Tsaro

Dokokin ba su da yawa amma ba a sassauci a kansu. Bakin bindiga kullum yana kallon inda ake harbi. Sakata a buɗe take, da 'yar tutar roba mai launi a cikin mazaunin harsashi, duk lokacin da ba harbi kake yi ba. Ba ka sa harsashi sai jami'in fili ya ba da umarni, ba ka taɓa bindiga sam idan wani ya wuce gaba don canza kati. Idan ka ji an ce "Stop, stop, stop", ka cire yatsa daga kunama nan take, ko da saura ƙiris ka harba, ka jira abin da za a ce. Kai ma kana da ikon faɗin haka idan ka ga abin da bai dace ba, ko da ranar ka fara zuwa.

Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka yi saurin buɗe sakata. Bar bindigar tana kallon gaba na rabin minti, ka ɗaga hannu. Idan kuma ta tashi da wata 'yar ƙara mai rauni ba kamar yadda ta saba ba, ka tsaya, mai yiwuwa dalmar ta maƙale a cikin bututu, harba wani a bayanta ɓata bututun ne. Abin toshe kunne wajibi ne. Ba a ci ba a sha a cikin filin, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka kai abinci baki, saboda ƙurar dalma.

Kwanciya, wadda ita ce wasan

Makonnin farko za a ɗora maka bindigar a kan matashi ko jakar yashi don ka saba da saiti da kunama. Daga baya a sa maka rigar harbi mai kauri, safar hannu guda ɗaya, da maɗauri. A nan ne wasu suke gudu, domin kwanciyar ba ta da daɗi da farko: hannun hagu zai yi sanyi, wuyan hannu zai yi zafi, wuya zai ƙage. Yana wucewa cikin 'yan makonni.

Ga yadda take ga mai amfani da dama, bahago sai ya juya komai. Ka kwanta jikinka ya ɗan karkace zuwa hagu daga layin harbi, ba sosai ba. Ƙafar hagu a miƙe, a layi ɗaya da kashin baya. Ka jawo gwiwar dama sama kaɗan, wannan zai mirgina nauyinka zuwa ɓarin hagu, ya ɗaga cikinka daga ƙasa, numfashi ya yi sauƙi, bugun jijiyar ciki kuma ya daina girgiza bindiga. Gwiwar hannun hagu ta zauna gaba, ɗan hagu kaɗan da bindigar. Dokar ISSF ta ce damtsen gaba kada ya kwanta ƙasa da digiri 30 daga shimfiɗa, kuma faɗin maɗauri kada ya wuce milimita 40.

Maɗaurin yana zagaye saman hannun hagu, ya bi ta bayan wuyan hannu, ya maƙale a wani ƙarfe da ke ƙasan bindiga, wanda tafin hannunka zai tokara da shi. Ka ɗaura shi ko dai can sama kusa da hamata, ko ƙasa kusa da gwiwar hannu. Tsakiyar ƙwanji ita ce inda bugun jini ya fi ƙarfi, idan ka sa shi a nan za ka ga bakin bindiga yana tsalle da kowane bugun zuciya. Manufar duk wannan ita ce ƙashi da maɗauri su ɗauki nauyin, ba tsoka ba. Hannun hagu ba ya riƙe bindiga, bindiga ce ke kwance a kansa, yatsu a sake. Da zarar ka ji kana amfani da ƙarfi don ɗaga ta, to maɗaurin ya yi sako-sako ko ƙarfen tokaren ya yi nisa.

Gindin bindiga ya shiga kafaɗa wuri ɗaya kowane lokaci, ka sa shi da hannun dama, kada ka lalubo shi da kafaɗa. Kunci ya kwanta a kan katako da nauyin kai kawai, ba dannawa. Tsakanin idonka da saitin baya a bar kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku.

Yanzu abin da ya fi komai muhimmanci, wanda kuma sababbi suka fi tsallakewa. Bayan ka kwanta ka saita, rufe ido, ka ja numfashi biyu ko uku, ka saki jiki gaba ɗaya, sannan ka buɗe. Ina bindigar take kallo? Inda take kallo a wannan lokaci shi ne inda jikinka yake so ya harba. Idan ta kauce hagu ko dama da baƙin ɗigon, kada ka turo ta da hannu. Bar gwiwar hannun hagu a inda take kamar an kafe ta, ka matsar da ƙugu da ƙafafu: ƙugu ya yi hagu, bakin bindiga ya yi dama. Idan ta yi ƙasa, ka ja ƙugu baya kaɗan, idan ta yi sama ka matso gaba. Sake rufe ido, sake dubawa, har sai ka buɗe ka tarar da ɗigon a tsakiya da kansa. Dalili kuwa shi ne, a daidai lokacin da harsashi zai fita, tsokar da ka tilasta takan saki, bindiga ta koma inda jiki ya nufa tun farko, harsashin kuma ya bi ta.

Katin yadi 25 yana da ɗigo goma, harbi ɗaya a kowanne, harbin da ya sami tsakiya maki goma ne. Ma'ana sau goma za ka yi wannan gyara, kowane ɗigo da nasa. Mutum zai ga tazarar da ke tsakanin ɗigo biyu ba ta taka kara ta karya ba, ya ce bari kawai ya ɗan karkato da hannu. Daga nan takwas da tara suke fitowa, a kuma ɗora wa harsashi laifi.

Ido, numfashi, yatsa

A wannan gasa ta gargajiya ba a amfani da madubin ƙara girma a kan bindiga. Saitin baya ɗan ƙaramin huji ne, saitin gaba zobe ne a cikin ɗan bututu. Aikinka ka jera da'ira uku, kowace a tsakiyar 'yar'uwarta: hujin baya, bututun gaba da zobensa, sai baƙin ɗigo da farin haske daidai wa daida a zagayensa. Idonka ya tsaya a kan zoben, ko da ɗigon zai ɗan yi dishi-dishi. Sabon maharbi ya fara da zobe mai faɗi, wajen milimita huɗu ko sama da haka. Ƙaramin zobe yana sa mutum ya ji kamar ya fi daidaito, alhali yana ɓoye masa kuskure ne, ya kuma gajiyar da ido. Kada ka runtse ɗaya idon, ka rufe shi da ɗan farin roba, domin runtse ɗaya yana shafar ganin ɗayan. Mai amfani da tabarau ya gaya wa kocinsa tun ranar farko, saboda a kwance ta gefen gilashin ake kallo, ba ta tsakiya ba.

Idan kana numfashi za ka ga zoben yana sauka yana hawa ta kan ɗigon. Ka fitar da iska yadda ka saba, ba matsewa ba, ka tsaya a nan. Daga wannan lokaci kana da kamar daƙiƙa shida zuwa takwas. Bayan haka ido ya fara yi maka ƙarya, jiki ya fara neman iska. Idan harbin bai fita ba, cire yatsa, numfasa, fara daga farko. Iya fasa harbi fasaha ce mai zaman kanta, kuma manyan maharba sun fi kowa yin ta.

Kunamar bindigar gasa tana da laushi ƙwarai, yawanci mataki biyu gare ta: ka ja ta zo ta tsaya a wani ɗan tokare, daga nan ƙarin matsi kaɗan ya tashe ta. Da tsokar gaɓar farko ta manuniya ake ja, kai tsaye zuwa baya, matsin yana ƙaruwa a hankali har ta tashi. Cutar sababbi ita ce fizga: sun ga komai ya daidaita, sai su ce yanzu, su fizge. Bayan ta tashi kuma kada ka ɗaga kai don leƙa madubin duba kati. Zauna yadda kake na daƙiƙa biyu, ka kalli yadda bakin bindiga ya ɗan yi sama ya dawo, sannan ka faɗa wa kanka inda kake zaton harsashin ya faɗa, misali tara ta wajen ƙarfe biyu na agogo. Sai ka duba. Ranar da zatonka ya fara dacewa da abin da ke jikin kati, ka fara fahimtar abin da kake yi.

Wani abu da ya shafe mu: goro, shayi mai kauri da kofi duk suna ƙara bugun zuciya, kuma za ka gan shi ƙarara a cikin zobe. Haka cika ciki da tuwo ko shinkafa sannan a kwanta rub da ciki. Yawancin kulob da yamma suke buɗewa, don haka a watan azumi ka yi buɗa-baki mara nauyi ka sha ruwa sosai, ka bar babban abincin sai ka dawo.

Taruwar huji kafin maki

A watannin farko ka manta da maki. Harba biyar a ɗigo ɗaya ba tare da taɓa saiti ba, ka ga yadda hujin suka taru. Biyar da suka cunkushe wuri ɗaya a can gefe sun fi biyar da suka warwatsu ɗaya ya faɗa tsakiya bisa sa'a, domin na farkon murɗa saiti kawai suke buƙata. Siffar taruwar ma tana magana. Idan ta miƙe sama da ƙasa, duba numfashi da inda gindin bindiga yake zama a kafaɗa. Idan ta bazu hagu da dama, duba kwanciya da yatsa. Wajen murɗa saiti ka tambaya tukuna: na Jamus da yawa an rubuta musu "bei", wato ka murɗa zuwa harafin inda harsashin ya faɗa, ba inda kake so ya koma ba. Kuma da tsakiyar taruwa ake gyara saiti, ba da harbi ɗaya ba.

Ka sayi ɗan littafi. Rubuta ramin da maɗauri yake, lambar da ƙarfen tokare yake, girman zobe, irin harsashi, da yadda katin ya kasance. Bindigar kulob hannu da yawa ke taɓa ta, idan ba ka rubuta ba kowane mako daga farko za ka fara. Idan kana gwada jan kunama ba harsashi, sa tsohon kwanso ko toshin roba a ciki, in ba haka ba allurar tana iya dukan bakin mazaunin harsashi ta lotsa shi.

Shiga gasa

Ba sai ka ƙware ba. Da zarar kana iya harba cikakken kati mai ɗigo goma, kyaftin ɗin kulob zai lissafa matsakaicin makinka ya sa ka a gasar gunduma, inda ake raba mutane rukuni-rukuni gwargwadon wannan matsakaici. Mai 85 cikin 100 da masu 85 zai kara. Yawancin gasannin hunturu ta gidan waya ake yin su: ka harba katinka a kulob ɗinku kafin ranar da aka tsayar, a gaban shaida, shi da kai ku sa hannu, a aika wa mai duba maki. Katin yana ɗauke da sitika ta gasar, kuma da zarar ka fara shi ba a sakewa, ko ya yi kyau ko ya ɓaci. Za ka sha mamakin yadda wannan 'yar sitika take sa zuciya bugawa.

Ka san yadda ake ƙirga maki. A katin yadi 25 na NSRA gefen hujin na waje ake dubawa, idan ya taɓa layi ka rasa maki. A mita 50 kuwa akasin haka ne, taɓa layin ciki yana ba ka makin sama. Kada ka sa yatsa ko biro a hujin katin gasa, mai duba maki ne kaɗai ke da ikon sa ma'auni.

Da bazara ake fita waje, mita 50 da yadi 100. Da'irar goma a katin mita 50 faɗinta milimita 10.4 ne, kamar ƙwayar gurjiya, kowace da'ira ta gaba kuma tana ƙaruwa da milimita 16. Gasar da ake kira English Match harbi 60 ce a mita 50. Dewar kuwa harbi 40 ce, rabi a mita 50 rabi a yadi 100, ta samo sunanta daga kofin ƙasa da ƙasa da aka fara a 1909. Daga mita 50 zuwa yadi 100 harsashin yana faɗuwa kusan santimita 15 zuwa 20, sai an ɗaga saiti, wannan ma ka rubuta adadin murɗin a littafinka.

A waje ne za ka haɗu da iska, kuma harsashin .22 ba ya jure mata. Iska matsakaiciya daga gefe ta isa ta fitar da shi daga goma a mita 50, a yadi 100 kuma kaucewar takan ninka fiye da sau uku. Saboda juyin da harsashi yake yi, iskar dama tana kai shi hagu da ɗan sama, ta hagu tana kai shi dama da ɗan ƙasa. Shawarar da ta fi amfani ga sabo: kada ka bi iska da murɗa saiti kowane harbi. Kalli tutocin fili kafin a fara, gano yanayin da ya fi dawowa, daidaita saitinka a kansa lokacin harbin gwaji, sannan ka riƙa harbi idan ya dawo, ka jira idan ya sauya. Tutocin da ke kusa da kai, ta ɓangaren da iskar ke fitowa, su ne suka fi muhimmanci.

Babban taron shekara na NSRA a Bisley ake yin sa cikin watan Agusta, shi ma aji-aji ne, sabon maharbi yana da wurinsa. A can ne cibiyar Lord Roberts take, wadda aka gina don wasannin Commonwealth na 2002, filin mita 50 na cikinta kuma yana ɗauke da sunan Malcolm Cooper, wanda ya ci zinare a Olamfik na 1984 da 1988. Mai burin Olamfik ya sani cewa an cire gasar kwanciya zalla bayan wasannin Rio na 2016. Abin da ya rage a mita 50 shi ne matsayi uku, durƙuso da kwanciya da tsayuwa, don haka sai ya nemi kulob mai koyar da su, ya haɗa da bindigar iska ta mita 10. Mata kuma ba a baya suke ba: a gasannin kulob tare ake karawa, kuma Seonaid McIntosh 'yar Scotland ta zama zakarar duniya a kwanciyar mita 50 a Changwon ta Koriya ta Kudu a 2018. Wanda bayansa ko wuyansa ba zai ɗauki kwanciya ba, akwai harbin zaune a kan tebur da bindiga bisa matokari, kulob da yawa suna yi.

Lasisi da sayen kaya

Ra'ayina, kada ka sayi komai a wata shidan farko ban da abin toshe kunne da riga mai kauri ta sawa a ciki. Bayan haka safar hannu, maɗauri, sai rigar harbi daidai jikinka, domin rigar aro da ta yi maka yawa tana zamewa da maɗaurin. Bindiga ce ta ƙarshe. Harsashi ma haka: Eley Tenex, Lapua Midas+ da RWS R50 na manyan gasa ne, tsadarsu ta ninka ta na atisaye. Eley Club ko SK Standard Plus da kulob ke sayarwa a kwali mai guda 50 sun ishe ka har sai matsakaicinka ya haura 95. Kafin ka sami lasisi ba ka fita da ko ƙwaya ɗaya daga kulob, ka duba aljihunka kafin ka tafi, harsashi ɗaya da aka manta a aljihu laifi ne a doka.

Idan ka zama cikakken mamba kana iya neman lasisin mallakar bindiga daga rundunar 'yan sandan yankinka. Zamanka mamba shi ne hujjarka. Za a nemi mutum biyu mazauna ƙasar, ba danginka ba, waɗanda suka san ka aƙalla shekara biyu. Wannan sharaɗi ne ya fi tsayar da wanda bai daɗe da zuwa ba, kuma ba shi da wata dabara sai lokaci. Tun Nuwamban 2021 dole ne a haɗa da bayanin lafiya daga likita. Kuɗin sabon lasisi ya koma fam 198 a Fabrairun 2025, lasisin yana aiki shekara biyar, kuma a jikinsa ake rubuta bindigar da aka yarda ka saya da yawan harsashin da za ka iya ajiyewa. Jami'i zai zo gidanka ya yi hira da kai, ya duba akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango, da wurin ajiye harsashi daban. Mai zaman haya sai ya nemi yardar mai gida kafin ya huda bango, ɗalibin da ke ɗakin kwanan jami'a kuwa ya tambaya ko kulob zai ajiye masa a ma'ajiyarsa. Jiran amsa yakan ɗauki watanni a wasu yankuna.

Da lasisi ya fito, fara tambaya a cikin kulob. Kusan kullum akwai wanda zai daina ko zai sauya, kuma tsohuwar Anschütz da aka san tarihinta, wadda za a bar ka ka gwada a mita 50 kafin ka biya, ta fi sabuwar Bleiker ko Walther KK500 ta dubban fam amfani a gare ka a wannan mataki. Ka tabbata saiti na gaba da na baya suna cikin cinikin, domin su kaɗai kuɗi ne mai yawa. Wajen kai ta kulob, a cikin jakarta, ba harsashi a ciki, sakata a cire a ajiye daban, ba a barin ta a mota inda ido zai gani. Mabuɗin akwatin kai kaɗai za ka san inda yake, ko matarka ba ta da izini idan ba ta da lasisi. Kuma ka ci gaba da sa hannu a rajista duk zuwa, domin kulob wajibi ne ya sanar da 'yan sanda duk mai lasisin da ya shekara bai yi harbi ba, ranar sabuntawa kuma wannan rajistar za a buɗe.